Gurjin Teku a Gidan Alhaji Zarami

Katagum, 3 ga Rajab, 1426

Daga Farfesa Dakta Khalil Abdulwadud, Shugaban Likitocin Halittun Bahar Maliya, mazaunin Jidda, wanda yanzu ya sauka a bakin kogin Katagum, zuwa ga Malam Yunusa masunci, mai tsaron kifi a gidan Alhaji Zarami, Azare.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda babba ke yi wa na ƙasa da shi, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abin da aka ba ka amana.

Ba ka san ni ba, kuma ba laifinka ba ne. An turo ni ƙasarku ne in ƙirga kifin kogin nan tun da ya cika, in duba lafiyarsu ɗaya bayan ɗaya. Ina cikin wannan aiki labari ya iske ni cewa wani attajiri a Azare ya ɗebo teku daga garinmu ya zuba a akwatin gilashi a falonsa, da kifi masu launi, da murjani mai rai, da wata halitta da ke kwance a ƙasa tana cin yashi. Aka ce ya koma Jidda kasuwanci ya bar su a hannun wani mutumin Katagum. Na ce wane ne? Aka ce Yunusa. Na ce wane Yunusa? Aka ce wanda tarwaɗa ta ja cikin ruwa shekara uku da suka wuce, har wandonsa ya tafi ya bar shi a gaban jama'a. Na ce to lalle sai na sa ido.

An kuma shaida mini cewa da ka zo gida watan jiya ka zauna a tasha kana ba mutane labarin akwatin nan tun daga azahar har la'asar, kuma da wani ɗan'uwanka ya roƙi ka kai shi ya gani, ka ce ƙafarsa ba ta dardumar falon Alhaji ba ce. Mai magana haka ya kamata a gwada iliminsa.

Saboda haka ga umarni. Ka riƙa rubuto mini halin da akwatin yake ciki, kada ka rage komai. Ita mai cin yashin nan, a wurinmu tana da daraja, ba a juya mata baya, ba a zuwa gabanta ba hula, kuma wanda ya ci tarwaɗa ba ya kusantarta sai ya kuskure baki sau bakwai. Abu mafi girma: wannan jarrabawa ce ta sirri. Ka yi mini alkawari tsakaninka da Allah ba za ka nuna takarduna ga kowa ba, ba za ka ambaci sunana ga Alhaji ko mutanen gidansa ba, sai ranar da na ba ka izini da hannuna.

Na sa magatakardana ya rubuta da ajami domin an ce boko bai kama ka ba. Amsa kuwa ka ba Saleh direba, shi zai miƙa wa wani saurayi a tashar Katagum mai suna Naziru, shi ke kawo mini saƙo. Tun da na zo ƙasar nan ban ga mai hankali da kyan fuska kamar yaron nan ba. In da hali ka haɗo masa da kilishi.

Ka huta lafiya. Ga hatimina a ƙasa.


Azare, 8 ga Rajab

Zuwa ga mai girma Dakta Khalil, Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka.

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa da ban girma. Takardarka ta same ni, na karanta sau uku, na kuma ɗauki alkawarin da ka nema, Allah ne shaida.

Ranka ya daɗe, kafin komai, wanda ya ba ka labarin wando bai faɗa daidai ba. Giwan ruwa ne ba tarwaɗa ba, kuma an samu wandon.

Gaskiya na yi murna da zuwanka, domin wata huɗu ke nan ina wannan aiki ba ni da wanda zan tambaya. Wani Ba'indiye ne ya zo daga Legas ya haɗa akwatin. Kwana uku ya yi yana nuna mini da hannu, ba ya jin Hausa ba na jin nasa, sannan ya tafi. Abin da na kama daga gare shi ke nan. Gishirin ba irin na miya ba ne, a buhu yake zuwa daga Jidda. Akwai wani ɗan gilashi da ake jefawa a ruwan yana yawo, akwai zane a jikinsa, in ruwa ya wuce zanen ko ya kasa, gishiri bai daidaita ba. In ruwan ya ragu saboda zafi, ruwan daɗi ake ƙarawa, domin gishirin ba ya tashi, ruwan ne ke tashi. Injin da ke juya ruwan ba a barinsa ya tsaya, in an ɗauke wuta ni ke rugawa in tayar da janareta. Kifi goma sha ɗaya ne, duk suna nan, ko ɗaya bai mutu a hannuna ba.

Ita wadda ka tambaya, Ba'indiyen ya ce sunanta kokwambar teku, wato gurji. Ni dai ban taɓa ganin gurji mai baki ba. Baƙa ce, tsawonta daga gwiwar hannuna zuwa wuyan hannu. Ba ta da ido, ba ta da ƙaya, ba ta iyo. Tana fito da wasu 'yan yatsu daga bakinta tana ɗibar yashi tana haɗiyewa, ta cinye dattin da ke ciki, ta fitar da shi ta baya fari tas. Yini take haka. Baƙi in sun zo suna tsayawa kan kifi mai ruwan ɗorawa da mai shuɗi, ita kuwa in sun lura da ita sai su ce mene ne wannan ƙazantar. Ni Mai Shara nake kiranta. Shekara talatin ina kama kifi, ban taɓa zama na kalli yadda wani abu yake cin abincinsa ba sai a kanta.

Tun da kai likita ne bari in gaya maka abin da ya kawo ni. Matata Dijatu ƙodarta ke ciwo, sau biyu a mako ake son ganinta a asibiti a nan Azare. Daga Katagum da damina jikinta ba zai ɗauki hanyar ba. Alhaji ya ba mu ɗaki a bayan gidansa, ni da ita da 'yarmu Husaina. Ranar da zai tafi ya tsaya a gaban akwatin ya ce, "Yunusa, in na dawo ƙarshen Sha'aban na tarar da su da rai, ɗakin nan naka ne har ka gaji. In ba haka ba ka san sauran." To ka ga ba kifi kawai nake tsaro ba.

Na fara sa hula. Tarwaɗa kuwa dama ban samu ba tun da na baro gida. Ga kilishi na ba Saleh.

Allah ya saka da alheri. Naka mai biyayya, Yunusa.


Katagum, 15 ga Rajab

Daga Farfesa Dakta Khalil zuwa ga Malam Yunusa.

Bayan gaisuwa, bayaninka ya iso. Ba laifi, ka ci maki huɗu cikin goma, wanda a wurin masunci abin yabo ne.

Zancen wando na sake bincike, mutum shida sun tabbatar mini tarwaɗa ce, kuma ƙarama. An rufe wannan magana.

Kuskurenka na farko suna. Halittar da ta haye teku ta sauka a Jidda, a ƙasa mai tsarki, ta shiga jirgin sama, kai da ko Kano ba ka wuce ba ka kira ta Mai Shara gatsau? Daga yau Hajiya Mai Shara. Kullum da safe ka durƙusa a gaban gilashin ka gaishe ta da murya, ka tambaye ta kwanan baƙunta, ka jira. In ba ta amsa ba, alamar ta gamsu ke nan. Ranar Juma'a ka ba ta labarin garinku, amma ban da ƙarin gishiri irin wanda ka yi a tasha, ɗan gilashin nan mai yawo zai tona ka.

Maganar iyalinka na ji. Allah ya ba ta lafiya. Wannan ba fannina ba ne.

Naziru ya ce kilishin ya yi, sai dai yaji ya yi kaɗan kuma takardar da aka naɗe shi ta fi shi nauyi. Na yi mamakin jin cewa ɗan'uwanka ne. Da a ƙasarmu yake da tuni an ba shi ofis da mota. Ka rubuto mini ra'ayinka a kansa, ina tunanin ɗaukarsa aiki.

Wassalam, da hatimi.


Azare, 29 ga Rajab

Zuwa ga mai girma Dakta, Allah ya ja zamaninka.

Gaisuwa da fatan alheri. Ka gafarce ni da jinkiri, jikin Dijatu ne ya motsa, amma da sauƙi yanzu.

Ina gaishe ta kamar yadda ka ce. 'Ya'yan Alhaji sun gan ni a durƙushe, yanzu duk inda na bi a gidan sai in ji "Hajiya ta tashi lafiya?" Har mai wanki. Ban ce musu komai ba saboda alkawari.

Ranka ya daɗe, akwai damuwa. Mai Shara tana ramewa. Da na fara auna ta da igiya, ta kai kamu ɗaya ba kaɗan. Yanzu ta ragu da faɗin yatsu huɗu, jikinta ya yi laushi. Ta bar yashin tana hawa gilashi, tana laluben sama da 'yan yatsun bakinta. Jiya na same ta dab da bakin injin da ke zuƙar ruwa, da kyar na lallaɓa na mai da ita ƙasa.

Na zauna na yi tunani, ga abin da na gani, in na yi kuskure ka gyara mini. Hajiya Munira, uwargidan Alhaji, ba ta son ganin yashin ya yi duhu. Tun wata biyu, duk ranar Alhamis take sa ni in kwashe na sama in wanke a roba har sai ya yi fari, saboda baƙin Juma'a. To ni a kogi na san inda ƙasa ta yi fari fes ba a samun komai, inda laka take nan abinci yake. Mai Shara kuwa dattin nan shi ne tuwonta. Ina jin ni ne nake wanke mata abinci ina zubarwa a kwata. Niyyata in daina wankin, in sha faɗan Hajiya Munira na wata ɗaya, in kuma riƙa tura ɗan abincin kifin ƙarƙashin yashi a gefen da take. Amma ban so in yi ba tare da izininka ba.

Ka tambayi ra'ayina kan Naziru. Taubashina ne, ɗan kawuna, akwai wasa tsakaninmu, ko da yake na ba shi shekara ashirin. Tun da aiki za ka ba shi, amana ce, dole in faɗi gaskiya. Kada ka ɗauke shi. Bai taɓa ƙarasa abu ba. Allo ya ajiye a izu goma sha biyu. Na koya masa jefa birgi, ragar kamun kifi, kwana tara ya bari. Ba shi da mugunta, amma ba ya iya ganin mutum a tsaye bai ja masa tabarma ba. Dariya kawai ya iya sa mutane, in ka cire dariyar ban san abin da zai rage ba. Da na hana shi zuwa nan ba ƙi ba ne. Na san in ya shigo falon nan sai ya ƙwanƙwasa gilashin don ya ga abin da zai faru. Wannan tsakanina da kai ne.

Ina jiran amsa da gaggawa. Naka, Yunusa.


Katagum, 2 ga Sha'aban

Daga Farfesa Dakta Khalil zuwa ga Yunusa.

Bayan sallama. Na ga takardarka, na ga kuma ka zama likita. Shekara goma sha bakwai na yi ina karatun gurjin teku, ashe da na zo Katagum na zauna a kwalekwale da na huta.

Yunwa ba ta kama wannan halitta. Abin da ke damunta kasala ce da ciwon ciki na baƙon wuri. Ka ci gaba da wanke yashi yadda uwargida ta ce, tsabta ba ta taɓa ramar da kowa ba. Magani kuwa yana gabanku ba ku sani ba. In akuya ta rame me kuke ba ta? In doki ya ƙi ci fa? Kanwa. Ka samo ungurnu mai kyau, cikin kofin shayi, ka daka, ka jiƙa, ka zuba daidai inda take kwance. Kwana uku za ta cika igiyarka har ta wuce.

In ka fi yarda da idonka, ka bi idonka, sai in rubuta a rahotona cewa na samu mutum mai ƙarasa abu, mai sanin abin da zai rage a jikin kowa in an cire wani abu, ba ya bukatar shawara.

Kada ka ƙara aiko da kilishi.


Azare, 4 ga Sha'aban

Ranka ya daɗe Dakta, gaisuwa da neman afuwa.

Na ga alamar na ɓata maka rai. Wallahi ba nufina ba ne. Ni wane ne.

Ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ba ta kwanta da kanwar nan ba. Na jiƙa kaɗan a kofi na ɗanɗana, na ɗanɗani ruwan akwatin, ba su yi mini kama da abin da zai zauna wuri ɗaya ba. Ba'indiyen nan ko hannu ba ya bari in sa sai na ɗauraye sabulu. Amma kai ka zo daga inda aka haife ta, ni kuwa ko tekun ban taɓa gani ba sai a gilashi.

Na sayi ungurnun. Ba zan zuba yau ba, ba zan zuba gobe ba. Saleh zai kai maka wannan yau da yamma, gobe zai juyo. In akwai gyara, ko layi ɗaya ne ka ba shi. In ya zo hannu wofi, na san maganarka tana nan, jibi da hantsi zan zuba da sunan Allah.

Naka mai biyayya, Yunusa.


Azare, 27 ga Sha'aban

Zuwa ga Dakta Khalil.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka kamar yadda aka koya mini in gai da manya. Sunana Husaina, 'yar Malam Yunusa. Baba bai san na rubuto ba, kuma bai karya alkawarinka ba. Ina haɗa kayanmu ne na ga takardunka a cikin gafakarsa, an naɗe su da ƙyalle kamar laya.

Tun da ka ce a riƙa ba ka rahoto kada a rage komai, ga shi.

Saleh ya zo ba takarda. Baba ya je tasha da kansa ya tambaye shi sau biyu. Washegari da hantsi ya zuba. Ina wurin, ni na riƙe masa kofin. Ruwan ya yi fari kamar an zuba koko. Mai Shara ta dunƙule, ta miƙe, ta sake dunƙulewa, sannan ta amayo kayan cikinta gaba ɗaya, wasu fararen zare masu yauƙi suka bazu, injin ya ja su ya watsa ko'ina. Kifin suka hau sama suna buɗe baki. Baba ya sa hannu yana kamo su yana zubawa a bokiti, amma ruwan gishirin da ya haɗa ya ajiye bai kai rabin bokiti ba. Kafin azahar goma sun mutu. Na ƙarshen ya kai la'asar. Murjanin ya saki jikinsa, bayan kwana biyu ya zama farin dutse, falon yana wari har waje.

Ita Mai Shara ba ta mutu nan take ba. Baba ya sa ta a roba, kwana huɗu yana canza mata ruwa yana zaune a gabanta. Da ta narke ya kai ta bayan gida ya haƙa rami.

Alhaji ya dawo shekaranjiya. Ya sa aka kira Baba a gaban mutanen gida da yaran shagonsa. Ya ce, "Yunusa, kai masunci ne ɗan masunci. Wata biyar ba ka kashe ko ɗaya ba. Ka san kanwa, ka san kifi. Wa ya sa ka?"

Baba ya ce, "Ni na zuba, Alhaji."

Ya ce, "Na san kai ka zuba. Cewa na yi wa ya sa ka."

Baba ya sake cewa, "Ni na zuba, Alhaji."

Hajiya Munira ta ce dama an daɗe ana ganinsa a durƙushe yana yi wa abin nan magana ƙasa-ƙasa, kullum da safe, ba ya fashi. Daga nan zance ya juya. Yanzu abin da ake faɗa a unguwa shi ne wani abokin gabar Alhaji ne ya ba Baba asiri ya zuba a gidan, kifin ne suka tare. Jiya a masallaci wanda ke gefen Baba a sahu ya matsa nesa da shi.

An ba mu zuwa ganin watan azumi mu bar ɗakin. Inna ta ce ba komai, za ta iya hanyar Katagum. Ba za ta iya ba, kai likita ne ka sani.

Na ce wa Baba ya faɗi gaskiya. Ya ce ya ɗauki alkawari da sunan Allah, sai mai shi ya sake shi. Ya ce wataƙila shi ne bai auna kofin daidai ba. Har yanzu kai yake nema wa uzuri.

Ba na roƙonka ka biya kifi. Abu ɗaya nake nema. Ka zo Azare, ko ka rubuto da hatiminka cewa kai ka umarce shi, kuma ka sake shi daga alkawarin. Alhaji yana girmama masu ilimi. In ya ga babban likita ne ya yi kuskure ba asiri ba, wataƙila ya bar mana ɗakin. Ko bai bari ba, Baba zai iya tsayawa a sahu.

Na ba Saleh wannan, na ce ya sa a hannun Bappa Naziru, ya ce masa don Allah kada ya yi wasa da ita.

Husaina Yunusa.


Katagum, 28 ga Sha'aban

Zuwa ga Yaya Yunusa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da Yaya Dijatu da jiki. In ba ka amsa ba na gane.

An sake ka daga alkawarin. Dama ba wanda ka ɗaukar wa shi.

Babu Dakta Khalil. Ba wanda ya zo ƙirga kifi. Hatimin da ƙasan tsohon silifa na sassaƙa shi, na shafa masa tawadar allo. Sirrin da na sa ka rantse a kai, don kada 'ya'yan Alhaji masu boko su gani su tona ni ne tun ranar farko. Na so in bari ka gai da Mai Shara wata ɗaya, ranar Sallah in karanta takardunka a tasha a yi dariya, ka bi ni da sanda, a ce wasan taubasai ne.

Kanwar ba ta cikin shirin. Ka rubuta abin da ka rubuta a kaina, na karanta a tsaye a tasha, na ji zafi, na zauna na rubuta abin da ya fara zuwa bakina. Ban san komai game da gurjin teku ba, ko ganinsa ban taɓa yi ba. Maganarka ta wankin yashi, ina karantawa na san kai ne da gaskiya.

Takardarka ta neman layi ɗaya ta same ni a kan lokaci. Kada ka ɗora wa Saleh. Da safe ya tsaya da mota cike ya ce, "Akwai saƙon Azare?" Alƙalami yana aljihuna. Na ce babu. Na ce a raina kanwa ba ta taɓa kashe akuya ba, bari ya ɗan ji tsoro.

Husaina tana son babban likita ya zo ya tsaya gaban Alhaji. Abin da nake da shi ɗan tasha ne da guntun silifa. In na zo na faɗa, zancen asiri zai mutu, amma Azare da Katagum za su ji cewa ka bar abin da idonka ya gani ka bi takardar yaron da ka ce ba ya ƙarasa komai. Ban sani ba ko Alhaji zai bar ɗaki ga wanda aka yi wa haka. Ban sani ba wanne ya fi maka sauƙin ɗauka, kuma ba ni da bakin zaɓar maka.

Gobe zan biyo Saleh. Zan zauna a tashar Azare, ba zan taka ƙofar gidan ba sai ka aiko. In ka ce in shiga in faɗa, zan faɗa duka a gaban duk wanda ya tara. In ka ce in koma, zan koma in rufe bakina har in mutu. In ba ka aiko ba, ina nan zaune har a ga wata.

Duk takardun Dakta uku da wannan ta huɗu hannu ɗaya ne ya rubuta su.

Ni ne, Naziru, ɗan kawunka.